Abin da Setsuo Ya Sha a Bikin Tudu

Da la'asar ranar bikin tudu, wanda muke yi a ɗakin bautar da ke saman tudu, aka tarar da motar share ƙanƙara ta ƙauyenmu ta zurma cikin magudanar ruwa, ta tumɓuke shingen gonar tuffa, direbanta Setsuo yana zaune a bakin hanya da jini a gira. 'Yan sanda suka zo daga gari suka sa shi ya hura na'urarsu, na'ura ta ce akwai giya a numfashinsa. Kafin a gama ɗinke masa girar labari ya iso kantina, kuma da ƙari ya iso, don wadda ta kawo min shi cewa ta yi har kwalba an gani a cikin motar.

Ni ce Chiyono, mai kanti ɗaya tilo a Kayanosawa, saboda haka duk gulmar ƙauyen sai ta biyo ta gaban teburina. A yammacin nan ban ji mutum ɗaya da ya ce a tsaya a bincika ba. Kowa cewa yake dama ya sani. Abin ya ba ni haushi, don waɗannan mutanen su ne Setsuo yake buɗe wa hanya kowace safiya suna cikin bargo.

Gaskiya ne Setsuo ya sha giya a zamaninsa, sha na fitar hankali. Amma ya bari tun kafin su aurar da 'yarsu, ranar da ya rantse wa matarsa Masae ya daina, ita kuma ta rantse masa cewa idan ya sake kurɓa ko sau ɗaya ne ba za ta tsaya jin bayani ba. Masae ba ta magana biyu. Daga asibiti gidan wanta ta wuce, ta kira 'yarta a birnin Sendai ta ce ta zo ranar Lahadi ta tafi da ita.

Washegari Setsuo ya zo gidanmu, ba wurina ba, wurin mijina Tokuji. Tokuji maharbi ne, kuma in saniya ta tsinke ko wani tsoho ya ɓata a daji wurin neman ganye, shi ake kira ya bi sawu. Lokacin sanyi beyar, dabbar da yake farauta, tana barci, shi ma kusan haka.

"Tokuji-san, lasisi su riƙe, aiki su karɓe," in ji Setsuo. "Masae nake so kada ta tafi. Ban sayi giya ba, ban ɓoye giya ba. Amazake na sha a tudu, wanda kowa ya sha."

"Kofi nawa?"

"Huɗu. Mura nake yi, cittar tana buɗe min ƙirji."

"Kwalbar da ke cikin motar fa?" na tsoma baki.

"Ta noti ce, Chiyono-san. Ki je ki sunsuna, in ba baƙin mai kika ji ba ki mare ni."

Tokuji ya je ya sunsuna. Baƙin mai ne, da notuna har wuya.

Amazake, kunun shinkafarmu mai zaƙi, iri biyu ne, ko yaro ya sani. Akwai na koji, wato shinkafar da aka turara aka raina da funfuna mai kyau, wanda zaƙinsa daga shinkafar yake fitowa, babu sukari babu giya, har mai jego tana sha. Akwai kuma na dusar sake, giyarmu ta shinkafa, wato abin da ya rage bayan an matse giyar, shi sai an zuba sukari, kuma in bai tafasa sosai ba giyar tana nan zaune. Tun da Shinobu, 'yar mai gidan sake na ƙauyenmu, ta dawo daga birni, tukunyar biki ta koma ta koji zalla, don direbobi da yara su sha hankali kwance. Da an bar ko ludayi ɗaya da magana ta ƙare. Sai dai matan ƙauyenmu ba su iya ganin tukunya ta kwana da datti ba, sun wanke ta tas tun kafin motar ta zurma.

"Rufe kantin," in ji Tokuji.

"Kai za ka biya ni cinikin yau, Baban yara?"

"Ke kika iya sa mutane magana."

Na rufe.

*

Wurin Ryohei muka fara, don mutum uku sun gaya min sun gan shi a bakin tukunya da ƙatuwar kwalbar sake a hammata. Kuma kowa ya san tun bara yake neman a ba shi aikin share hanya. Mun same shi a saman rufinsa yana ture ƙanƙara da shebur.

"Sauko, Ryohei," na ce.

"In kin zo ce min ni na zuba, koma kantinki, Inna Chiyono. An riga ki."

"To me ya kai kwalba bakin tukunya?"

"Ƙafata ce ta kai ta! Sanyi nake ji, na tsaya jin ɗumin wuta, laifi ne? Ta sadaka ce, tana can gaban ɗakin bauta da sunana a jiki."

"Kai ka sha kunun?" in ji Tokuji.

"Ni? Ana raba sake ta albarka kyauta zan je in sha abincin jarirai?"

Muka hau tudu. Kwalbar tana nan a jere da sauran na sadaka, takardar bakinta ko yagewa ba ta yi ba. Raina bai so ba, don ba na son Ryohei, kuma da shi ne da na yi barci da daɗi. Tokuji ya tsaya yana duban filin bikin. Ƙanƙarar da ta zuba bayan an watse ta shafe komai, ko sawun takalmi ɗaya babu.

A hanyar saukowa muka biya gidan Kaka Tome, wadda ta girmi kowa a ƙauyen kuma ba ta taɓa yabon girkin wani ba. Ta zaunar da mu, ta turo mana tsamin kabeji, ta ce Setsuo ɗan banza ne kamar ubansa. Na tambaye ta yadda ta ji kunun bana.

"Bana ne kawai aka yi amazake na gaskiya," ta ce. "Na yarinyar nan Shinobu ruwan shinkafa ne, zaƙi salam, ka sha kamar ba ka sha ba. Na bana kuwa irin na uwata, mai kauri, mai ɗumama kunne. Cittar ce dai suka cika, kamar suna jin haushinta."

"Yaran gidan nan sun sha?"

"Tofarwa suka yi, wai da ɗaci. 'Ya'yan zamani, bakinsu ya lalace da lemon kwalba."

Tokuji ya ajiye tsinken cin abincinsa ya yi godiya. A waje na ce masa ai magana ta fito, na dusa aka dafa. Ya ce bakin tsohuwa da tofin yara ba za su hana Masae shiga mota ba, kuma gaskiyarsa ne.

*

Gidan sake yana ƙarshen ƙauye, bayansa dajin itatuwan sida. Shinobu ce ta tare mu, idanunta a kumbure.

"Sunana ne a kan kunun nan, Inna. Shaguna a birni suna karɓar nawa saboda na ce musu babu giya ko ɗigo. In aka ce a tukunyata aka samu, na gama."

"Ke kika dama na bana, Shinobu-chan?"

"A'a, Toji ne. Da bakinsa ya ce in je in ji da kayan birni, bana shi zai yi." Ta ɗan yi murmushi. "Tun da na dawo yake kiransa ruwan wanki. Na ɗauka ya fara yarda da shi ke nan, har na gaya wa Baba."

Toji shi ne shugaban masu haɗa sake, kuma namu sunansa Kanematsu, dogo, busasshe, wanda ma'aikata suke jin tarinsa su miƙe. Ya fito yana goge hannu, ya gaishe mu, ya shigar da mu har gefen manyan tankuna. Ya zuba wa Tokuji giyar bana a ƙaramin kofi.

"Ɗanɗana. Wannan busasshiya ce, ba zaƙi, tana shiga kamar ruwan rijiya, sai ta wuce ka ji ƙanshin tuffa a hanci. Ta wancan tankin mai nauyi ce, ta kifi gasasshe, a ɗumame ake shan ta. Ta ƙarshen ba a tace ta sosai ba, fara ce, mata sun fi so."

"Ta yi," in ji Tokuji. "Kunun biki fa, Toji-san?"

"Na koji ne."

"Kaka Tome ta yaba."

"Kaka Tome ba ta da haƙori, balle harshe."

Hannuwan Toji sun yi jawur, sun tsattsage. Ƙofar ɗakin koji, wadda ban taɓa gani a buɗe ba lokacin aiki, tana wangale, ma'aikata biyu suna goge katakon ciki kamar za su huda shi. Ya ce sharar tsakiyar shekara ce.

Sai da muka fito na gane abin da yake damuna. Duk wanda ya taɓa taka gidan nan lokacin sanyi ya san tambayar da Toji yake yi a bakin ƙofa kafin gaisuwa: ka ci natto yau? Natto, daddawarmu ta waken suya mai yauƙi, ita ce abokiyar gabar koji. Ƙwayar da ke cikinta ko tafasasshen ruwa ba ya kashe ta, in ta shiga ɗakin nan shinkafa ta lalace. Masu haɗa sake ba sa cin ta daga kaka har bazara, ni ko sayar wa matansu ba na yi. Toji ya taɓa korar babban baƙo daga birni saboda ita, mutumin da kwat ɗinsa da komai.

"Bai tambaye mu ba," na ce.

"Na lura," in ji Tokuji. "Gobe da safe ki sa takalmin ƙanƙara."

*

Da hantsi muka zagaya bayan gidan sake, ina mita ina nutsewa. Na ce masa wane sawu ne zai rage bayan ƙanƙara ta zuba har gwiwa.

"Na mutum ya tafi. Amma namun daji ba su san an yi biki ba."

Ya nuna min da sanda. Sawun yanyawa ne, a jere kamar ɗinki, sabo a kan tsoho. Ya ce yanyawa mai neman abinci yawo take, ta leƙa nan ta sunsuna can. Wannan kuwa miƙewa take yi, ta je ta dawo a layi ɗaya, wato ta san inda tukunyarta take. Muka bi ta cikin dajin sida har gindin wani kututture, inda hankaki suka tashi. An tone wurin, ramin yana da zurfi. Tokuji ya zura hannu ya ɗebo farar shinkafa daskararriya, ya riƙe ta a tafinsa har ta saki, sannan ya buɗe yatsunsa. Zare ya biyo su, dogo, mai yauƙi.

Ba sai an gaya min ba, warin ya isa. Koji ne da natto ta kama, buhu guda ko fiye.

"Ma'aikata shida ne a gidan," na ce. "Kowanne zai iya satar ci."

"Sawun bai ƙare ba."

Daga kututturen layin ya ci gaba, bai koma daji ba, ya gangara ya tsallake rafi ya nufi gidaje. Ya tsaya a bayan gidan Toji, a wani rami na biyu cikin tarin ƙanƙara. A bakinsa akwai tabarma da ƙunshin karan shinkafa da yanyawa ta yayyaga, da sauran wake manne a jiki. Haka iyayenmu suke yin natto a da, a dafa wake a naɗe a kara, a binne a ƙanƙara ta riƙe masa ɗumi. Rabona da ganin wannan tun ina budurwa.

Ƙofar baya ta buɗe, Kikue matar Toji ta fito da silifas a wannan sanyin. Ajinmu ɗaya a makaranta. Ta dube ni kamar baƙuwa, ta dubi Tokuji ta kira shi da sunan mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa.

"Kawu, ka zo karɓar na gidanku? Inna ta ce a ba ka ƙunshi biyu. Jira in tono."

Ta durƙusa za ta sa hannu a ƙanƙara. Na kama ta na mai da ita ciki, na sa mata safa, na kunna mata hita. Tun kaka ba ta zo kantina ba, Toji yana cewa ƙafa ce, ni kuma da nake taƙama na san komai a ƙauyen ban taɓa leƙo ta ba. Kuka na yi a ɗakin girkinta, ita tana tambayata ko ni ce sabuwar malamar makaranta.

*

Ranar Asabar da rana Tokuji ya sa aka tara mutane a zauren ƙauye. Ryohei ya zo, Shinobu da mahaifinta, Toji da ma'aikatansa, Kaka Tome da ba a gayyata ba. Setsuo ya zauna can gefe. Masae ta shigo da wanta, ta zauna kusa da ƙofa, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

Tokuji ba mai jawabi ba ne. Ya ajiye bokiti a tsakiyar tabarma, ya ɗebo shinkafar ya ɗaga hannu zaren ya sauko. Ma'aikatan gidan sake suka ja da baya kamar sun ga maciji. Ya ajiye ƙunshin kara kusa da bokitin.

"Wannan daga dajin sida. Wannan daga bayan wani gida. Yanyawa ɗaya ce take ci a duka biyun. Ban so in faɗi gidan ba, in mai shi zai faɗa."

"Faɗi mana!" in ji Ryohei. "Kwana nawa ana nuna ni da baki!"

"Rufe mana baki, Ryohei," na ce.

Toji ya taso ya zo tsakiya, ya durƙusa ya kai goshinsa tabarma.

"Gidana ne. Kikue ba ta san ni ba tun kaka. Tana ganin gidan uwarta take. Ina wurin aiki ta dafa wake ta binne, ban sani ba, sai da na fito da asuba na same ta tana tono da hannu, yatsunta sun yi shuɗi. Na tone mata. Ta ɗebo ta sa min a baki, tana dariya, rabon da ta yi min dariya... Na ci. Na yi wanka, na canza kaya, na ce ai ni ne, ba abin da zai faru. Kojin biki ya kama yauƙi ana gobe biki. Na zubar, na dama na dusa, na cika citta."

"Me ya hana ka gaya min?" in ji mahaifin Shinobu.

"Sai ka tambayi yadda aka yi, Maigida. In an sani za a ce a kai ta gidan kula da tsofaffi a gari. Na tafasa shi, na ɗauka giyar ta fita. Tukunyar ce ta yi girma."

"Ka bar yara suka sha," in ji Shinobu. "Ka bar ni ina ta murna wai ka yarda da aikina."

"Na bari, Shinobu-san."

"Ni dai na ce ya yi daɗi," in ji Kaka Tome, ba wanda ya kula ta.

Toji ya juya wajen Setsuo ya sake kai goshi ƙasa. Ya ce yau zai je wurin 'yan sanda da ƙafarsa ya faɗi komai. Daga nan mutanen da suka ce dama sun sani suka taso ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗar Setsuo, suna cewa su dama ba su yarda ba. Masae ta cire rigar sanyinta ta ninke a cinya. Na ji daɗi har cikin raina, na ce aiki ya ƙare.

*

A bakin ƙofa, inda ake sa takalma, na tsaya neman ƙafa ɗaya ta nawa. Mutane sun watse, saura Setsuo da Masae. Ta miƙo masa hularsa.

"Mu je gida, Baban yara. Na zalunce ka."

Bai karɓi hular ba.

"Masae, a kofi na biyu na gane."

Ta tsaya da hular a hannu.

"Hancina a toshe yake, amma cikina bai manta ba. Na ji ta ta sauka, na san ko mece ce. Na dubi tukunyar, na ce ai kowa ya san na koji ne, ba mai cewa komai. Na koma na karɓi na uku. Na karɓi na huɗu. Sannan na hau mota."

Na daina neman takalmin. Tokuji yana waje ya juya mana baya, yana kallon dutse.

"Wa ya sani?" in ji Masae.

"Babu."

"To uban me ya sa ka faɗa? An wanke ka a gaban gari! Mutum ya sa goshi a ƙasa saboda kai!"

"Ba gari na yi wa rantsuwa ba."

Wanta ya leƙo ya ce mota tana jira, ta ce ya tafi.

"Duk shekarun da ka yi kana sha," ta ce, "ko sau ɗaya ba ka taɓa cewa ka sha ba. Kullum ni nake tsinto kwalba." Ta kifa masa hular a ka da ƙarfi, har ta taɓa ɗinkin ya yi ƙara. "Za ka bi Toji wurin 'yan sanda ka faɗa musu abin da ka faɗa min, kada tsohon nan ya ɗauki naka ya haɗa da nasa. Taron masu barin giya kuma har yanzu ranar Alhamis ake yi a gari?"

"Ranar Alhamis ne."

"Sa takalminka. Ni zan riƙa tuƙa ka, tunda ba ka da lasisi."